Intanet da kwanciyar hankali: wasiƙa daga Garwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna gaisuwa da fatan alheri, Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka. Mu da muka haɗu muka rubuto wannan wasiƙa masu gyaran waya ne da masu shagon tura kuɗi, sai malamin sakandare da ma'aikaciyar jinya, dukkanmu a Garwa, arewacin Kamaru. Abin da ya tashe mu shi ne gardamar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisu da gidajen rediyo, wai intanet ta ƙara wa mutane jin daɗin rayuwa ne ko ta rage musu. Kowa yana kawo hujjarsa, amma da wuya ka ji an gaya wa mai waya abin da zai taɓa a cikin wayarsa, ko ƙarfe nawa ya kamata ya ajiye ta. A ganinmu intanet alheri ce ga mutanen arewa, rashinta ya fi samunta ciwo. Sai dai akwai ƙofofin da damuwa take shigowa ta cikinsu, kuma yawancinsu mai waya zai iya rufewa da hannunsa cikin minti goma.

Masu zagin waya sukan manta yadda ake a da. Mai albasa a karkarar Marwa ya loda mota ya nufi Yawunde ko Duwala bai san kuɗin buhu a can ba, in ya isa dillali ya yanka abin da ya ga dama, shi kuwa ba halin komowa da kaya. Yau kafin a ɗinke bakin buhu ya ji farashin kasuwa uku, ya ga hoton kayan da suka riga nasa sauka. Wata mai bincike, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar hannu take shiga gari bayan gari, ta tarar bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Kira ne kawai a lokacin, balle yanzu da ake tura hoto da murya da kuɗi. Saƙon murya kuwa shi ne babbar ni'imar da ta sauka ga iyayenmu da ba su yi boko ba. Tsohuwar da ɗanta yake unguwar Briketri a Yawunde ba ta bukatar wanda zai karanta mata wasiƙa da Faransanci ya ji sirrin gidanta. Ta danna, ta yi magana da Hausa ko Fulatanci, ta ji muryar jikanta kafin ta kwanta.

A 2024 wasu masana biyu, Matti Vuorre da Andrew Przybylski, sun fitar da nazarin amsoshin mutum fiye da miliyan 2 daga ƙasashe 168, waɗanda kamfanin Gallup ya tattara tsakanin 2006 da 2021. A kusan kashi 85 cikin ɗari na lissafin da suka yi, masu intanet sun fi marasa ita bayyana gamsuwa da rayuwarsu. Inda aka ga akasin haka ya fi fitowa a wajen 'yan mata masu shekara 15 zuwa 24, kuma wannan abin lura ne ga iyaye.

Damuwa ta farko ba daga mai waya take ba, daga layin take. Intanet ɗin Kamaru tana shigowa ne ta igiyoyin ƙarƙashin teku da suke sauka a Duwala da Limbe da Kribi, daga nan igiyar fiba ta hauro fiye da kilomita dubu kafin ta iso mu, ta zarce Marwa da Kusuri har Njamena. Motar haƙa ɗaya a wurin aikin hanya ta isa ta tsinke ta, jiha guda ta yi tsit. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS da SAT-3 da ACE da MainOne, sun samu matsala a gaɓar Kot Dibuwa, ƙasashe da yawa har da tamu suka shiga wahalar rezo, wato ƙarfin layin waya. Ga kuma wuta. Eriya ba ta aiki sai da lantarki, mu kuwa a arewa dogaronmu ya fi yawa ga madatsar Lagdo mai ƙarfin megawat 72, wadda ruwanta yake ja da baya da rani. In an ɗauke wuta eriya ta koma kan batir da janareto, in gas ya ƙare ta mutu. Wanda ya tura wa mara lafiya kuɗin magani, kuɗin suka fita daga wayarsa ba su shiga ta can ba, shi ya san abin da ake kira tashin hankali.

Abin da mai waya zai iya yi a nan kaɗan ne, amma yana rage zafi. Ya dubi harafin da yake kusa da sandunan rezo. In ya ga E, layin ya faɗo ƙasa, rubutu da gajeren saƙon murya ne kawai za su wuce, kada ya ɓata rai yana gwada bidiyo. In H ne ko H+ to da dama-dama, 4G kuwa shi ne cikakke. Waya tana cin batir sosai kuma tana zafi idan tana laluben rezo mai rauni, saboda haka a ƙauyen da sanda ɗaya ce gara a sa ta a yanayin jirgi a riƙa buɗewa lokaci-lokaci. Mai waya mai sim biyu ya sa layin kamfani biyu daban. Sannan a sani cewa lambobin kuɗi, *126# na MTN da #150# na Orange, ba sa bukatar data. Ɗan kasuwa kuma kada ya zuba jarinsa kaf a waya, ya bar na cefane da na asibiti a hannu.

Akwai yankewar da ba igiya ce ta jawo ta ba. A 2017 an rufe intanet a jihohin nan biyu masu magana da Ingilishi daga Janairu zuwa Afrilu, wata uku cur. A Chadi an toshe WhatsApp da Facebook da sauransu daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata 16. Ko mene ne dalilin hukuma, wanda ya fi jin jiki shi ne mai sayar da kaya, da ɗalibi, da matar da mijinta yake ci-rani, kuma jita-jita ba ta mutuwa don an kashe layi, baki take komawa inda ba mai ƙaryata ta.

Ƙofa ta biyu kuɗin data ne, kuma a nan za mu ɗan tsaya, domin rigimar cikin gida da yawa daga nan take tashi. Wanda yake sayen forfe, wato ƙunshin data, na sefa 500 kowace rana yana kashe 15,000 a wata, 182,500 a shekara. Mafi ƙarancin albashi da aka yanke wa ma'aikatan kamfanoni a 2023 sefa 60,000 ne, ke nan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a waya. Mizanin da hukumomin duniya suka ɗora wa data mai sauƙi kuwa shi ne kada ta wuce kashi 2 cikin ɗari na matsakaicin abin da ɗan ƙasa yake samu a wata. Talaka shi ya fi biya da tsada, saboda ba ya iya tara kuɗin forfe na wata, kullum ƙarami yake saye wanda yake mutuwa bayan awa 24 ko an cinye ko ba a cinye ba. Haushin wannan ne ya sa a Afrilun 2023 'yan Kamaru suka yi ta sa wayoyinsu a yanayin jirgi da tsakar rana don nuna fushi.

Mutane suna cewa an sace musu data. Sau da yawa wayar ce take sha ba su sani ba. Kiran murya na WhatsApp ba ya cin mega ɗaya a minti, na bidiyo yana cin kusan biyar. Awa ɗaya ta YouTube a ingancin hoto na 360p tana cin kusan mega 300, a 720p tana haura giga ɗaya, alhali a ƙaramin allon Itel ko Tecno ido ba ya ganin wani bambanci mai yawa. TikTok da gajerun bidiyon Facebook suna iya lashe giga ɗaya cikin awa ɗaya zuwa biyu, domin kafin ka gama kallon wannan sun riga sun sauko da na gaba. Babban rami kuwa shi ne gurup-gurup na WhatsApp. Mutum yana cikin gurup goma sha biyu, na dangi, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan kasuwa, bidiyo ɗaya ya shigo ta huɗu daga ciki, wayar tana iya sauke shi sau huɗu. Tun da wayoyinmu da Faransanci suke, ga sunayen yadda suke a allo: a WhatsApp a shiga Paramètres, sai Stockage et données, a ƙarƙashin Téléchargement automatique a cire alamar da take kan hoto da sauti da bidiyo da takardu. A nan kuma akwai inda ake kunna rage datar kira. A cikin saitin wayar kanta a kunna Économiseur de données, wanda yake hana manhajoji shan data a ɓoye. A Play Store a mayar da sabunta manhajoji ya zama sai da Wi-Fi. In forfe ya ƙare a kashe data nan take, don kada wayar ta juya kan kiredin kira, wanda farashinsa ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Sai dare, wanda a ganinmu ya fi duk sauran cin lafiya. Kamfanoni suna sayar da forfe na dare da araha saboda a lokacin layi ba cunkoso, matashin da kuɗinsa ba su kai na rana ba sai ya jira dare ya raba. Ya kwanta ƙarfe biyu, ladan ya kira asuba wajen biyar, awa uku ke nan. Baligi yana bukatar awa bakwai ko fiye, ɗan sakandare takwas zuwa goma. Wanda ya yi mako yana barcin awa uku zuwa huɗu zai zama mai saurin fushi, mai mantuwa, kansa yana ciwo, abin da bai kai ya kawo ba ya tayar masa da hankali. A aji ana gane shi tun darasin farko, kai a kan tebur. In ɗan moto ne, wato mai haya da babur, da zai ɗauki mace da goyo a cikin zafin Afrilu, maganar ta wuce ta jin daɗi, ta zama ta rai. Yawancinsu ba sa haɗa ciwon da wayar, sai su nemi ƙwayar ciwon kai ko ta ƙarin kuzari a bakin titi, a nan kuma wata fitinar take farawa.

Forfe na dare yana da amfani in an san yadda za a ci shi. A zaɓi abin da ake so tun da yamma, darasi ne ko wa'azi ko fim, in lokacin ya yi a danna saukewa a ajiye wayar a kwanta, a kalla da rana ba tare da data ba. Wayar ta kwana nesa da shimfiɗa, inda sai an miƙe tsaye kafin a ɗauko ta. Caji a ƙarƙashin matashi haɗari ne ma na daban: a garin da zafi yake haura digiri 40 a Maris da Afrilu, batir ba ya samun iska, ya kumbura ya ɗaga murfin baya, wanda ya kumbura kuwa sai canji, ba a huda shi ba a danne shi. A yawancin wayoyin Android akwai wurin da ake kira Bien-être numérique. Yana nuna awa nawa aka yi a kan kowace manhaja, ana kuma iya sa wa TikTok ko Facebook iyaka, misali minti 40, in sun cika ta rufe sai gobe. Muna shawartar kowa ya buɗe wurin ya ga lissafin jiya kafin ya ce shi ba ya daɗewa a waya. A Amurka a 2018 masu bincike sun biya mutane kuɗi suka rufe Facebook ɗinsu na mako huɗu. Kowannensu ya samu rarar kusan awa ɗaya a rana, suka ƙara zama da iyali da abokai, suka kuma ce sun ɗan fi jin sauƙin rai.

Cacar ƙwallo ta waya ba sai mun yi dogon bayani a kan hukuncinta ba, malamai sun yi. Lissafin kawai za mu bayar. Yaro ya jera wasa goma a tikiti ɗaya, kowane wasa yana ganin tabbas ne. Ko da a ce damar cin kowanne kashi 70 ce cikin ɗari, damar cin goman gaba ɗaya ba ta kai kashi 3 ba. Wasa ɗaya ya ɓata masa tikiti sai ya ce saura ƙiris, gobe ya sake zubawa. Tun da asusun kuɗin yana cikin wayar da cacar take, ba ya ganin takardar kuɗi tana barin hannunsa, sai ranar da kuɗin makaranta ko na ubangidansa suka yi ɓatan dabo.

Damfara kuwa salonta kusan ɗaya ne kullum. Mai shago tana tsaka da auna shinkafa saƙo ya shigo cewa ta karɓi sefa 25,000. Kafin ta gama karantawa waya ta yi ƙara, murya mai ladabi tana cewa, “Hajiya, don Allah ki taimaka, kuɗin asibitin mahaifiyata ne na tura miki bisa kuskure.” Tausayi ya kama ta, ga masu saye suna jira, ta mayar da 25,000 daga nata, alhali ko dala ba ta shigo ba. Saƙon gaskiya da sunan kamfani yake zuwa, na ƙarya daga lambar mutum. Ko da sunan kamfanin aka gani, a kashe kiran, a danna lambar asusu a duba abin da yake ciki. Wani salon shi ne allo ya nuna maka wurin sa lambar sirri ba kai ka nema ba, wani kuma yana kan layi yana cewa ma'aikacin kamfani ne. Wannan umarnin cire kuɗi ne, sa lambar shi ne sa hannu. Ba ma'aikacin da yake tambayar lambar sirri. Haka lamba shida da WhatsApp yake turowa ta saƙo: duk wanda ka karanta wa ita ya ɗauke asusunka, ya shiga roƙon danginka kuɗi da sunanka. Rigakafin shi ne Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, ka sa lamba shida taka. In an riga an sace, ka sake shiga da lambar wayarka, sabuwar lambar da za a turo za ta fitar da ɓarawon. In ya riga ka sa makulli na biyu, sai ka jira kwana bakwai. Abin da ya fi asarar kuɗin ciwo shi ne kunya. Mutum ya yi shiru yana ta cin rai, maƙwabcinsa ya faɗa ramin washegari. Wanda aka damfara ba wawa ba ne, ya faɗa a masallaci da kasuwa, ya kai ƙara.

Yankinmu ya ga abin da ya gani na hare-haren Boko Haram tun 2014 a Kolofata da Fotokol da Amchide, ga rikicin Disamban 2021 da ya kai Kusuri ya kori dubban mutane zuwa Chadi, ga ambaliyar 2024 a Yagwa. A irin wannan wuri bidiyon gawa ba labari ba ne kawai, fami ne ga wanda ya binne nasa. Wanda ya kalli irin wannan kafin barci yakan kwana da faɗuwar gaba, yaro kuma ya riƙa firgita. Da yawansu ma tsofaffi ne, ko daga wata ƙasa aka ɗauko aka liƙa musu sunan garinmu. In ka ga kibiya biyu a saman saƙo, alama ce ya bi hannuwa da yawa kuma ba a san mafarinsa ba. A tambayi wanda ya turo: wane gari, wace rana, wa ya gani da idonsa? In ba amsa, saƙon ya tsaya a nan. Shugaban gurup yana da damar goge saƙo ga kowa, ya yi amfani da ita. Doka ma tana nan: sashe na 78 na dokar 21 ga Disamba 2010 ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyun, ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. Saƙonnin magani ma a yi hattara da su. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya ajiye ƙwayarsa saboda muryar wani da bai taɓa auna shi ba.

Game da 'yan matan da muka ambata a sama, abin da yake ci musu rai shi ne gwada kai da abin da suke gani: lefen wance, kayan ɗakin wance, fatar da manhaja ta goge ta yi sumul. Sai kuma hoton da aka tura wa saurayi bisa amana ya koma abin barazana. Hoton kallo sau ɗaya ba kariya ba ne, wata wayar tana iya ɗaukar allon. Uwa da yaya su buɗe wannan zancen tun kafin ya faru, in kuma ya faru yarinya ta san za ta iya faɗa a gida ba a yi mata duka ba, domin mai barazana da shirunta yake cin kasuwa. Ƙanana kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada a ɗora ɗan ƙasa da shekara biyu a kan kallon allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Muna roƙon hukumar kula da sadarwa ta ART da kamfanonin waya abu uku: a turo saƙon gargaɗi kafin forfe ya ƙare kuma kada a taɓa kiredi sai da izinin mai shi, a sanar da jama'a ta saƙo in fiba ta tsinke da lokacin da ake sa ran gyara, a kuma riƙa yin faɗakarwar damfara da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa, da murya, ba da Faransanci a rubuce kaɗai ba. Ku kuma, Malam Edita, muna roƙon ku ware ɗan fili ko sau ɗaya a wata ku buga waɗannan matakai da hoton allon waya, na Faransanci da na Ingilishi gefe da gefe, da kibiya a kan wurin da za a danna, yadda mai gyaran waya zai iya liƙawa a bakin shagonsa.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu gyaran waya da masu shagon tura kuɗi, da malami da ma'aikaciyar jinya,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru